Maganar da Na Ƙarasa wa Mai Tanki

Ku yi haƙuri 'yan uwa, na kwana biyu ban leƙo ku ba. Ba jan aji ba ne, gajiya ce, irin wadda barci ba ya wankewa. Na ga saƙonninku duka. Wadda ta tambaya ko an sa rana, da wadda ta ce in ajiye mata kujera a gaba, Allah Ya bar zumunci. Ku dai gyara zama ku ji yadda ta kaya, don ni kaina har yanzu ban gama dawowa hayyacina ba.

Ga wadda yau ta fara shigowa shafin nan, ni malama ce a wata cibiyar koyar da manya. Ɗaki ne a saman shagon masu sayar da fenti, da bencuna 'yan kaɗan, da farin allo da ya sha gogewa har ya koma ruwan toka. Turancin cike takardu nake koyarwa: fom ɗin banki, na asibiti, na neman aiki, na makarantar yara. Ɗalibaina teloli ne da direbobi da masu shago, sai wata tsohuwar ungozoma da ta rantse ba za ta mutu tana dangwala yatsa ba. A gida kuma ni ce babba, kuma har yau ina nan a ɗakina, alhali ƙanwata Auta tana da mai son ta a shirye tun bara. Umma ta ce ba za a tsallake babba a ɗauki ƙarama ba. Kun ga ke nan auren mutum biyu ne rataye a wuyana.

Shi kuwa mutumin da ake maganar, a aji na san shi. Ranar da ya fara zuwa ina bayanin abin da kullum yake rikita ɗalibaina. Na ce musu idan layi ɗaya ne aka ja aka bar maka gurbi, "fill in" ake cewa. Idan fom ne gaba ɗayansa, ka ce "fill in" ko "fill out", duk an yarda. Sai na tambaya ko akwai wanda ya san wata. Wani dogo a bencin baya, sanye da rigar ma'aikatan gidan mai, ya ɗaga hannu. Ya yi ta kokawa da kalmar kafin ta fito.

"F-f-fill up."

"Wannan ta tankin mota ce," na ce, "ba ta takarda ba."

Aji ya kwashe da dariya. Ungozoma ta juya ta ƙare masa kallo ta ce, "Sannu Mai Tanki." Shi ma dariyar ya yi, sunan kuma ya bi shi har yau.

Yana da in'ina, mai nauyi ma. Idan kalma ta maƙale masa, wuyansa yakan miƙe, jijiyar gefen goshinsa ta tashi, ni kuma sai in ji kamar ni ake shaƙewa. Ba na iya kallo. Da na ga ya tsaya sai in miƙa masa kalmar, ya gyaɗa kai, mu wuce. A ganina taimako ne. Kuma ni dama bakina ba shi da birki, gadon gida ne, duk wanda ya san Umma ya san inda na samo shi.

A hankali abu ya fara shiga tsakaninmu. Shi ya gyara fankar ajin da take kuka kamar tsohuwar keke. Shi yake kawo min sabbin alƙaluman allo ba tare da na roƙa ba. Idan an tashi, yakan raka ni bakin titi ya tsaya har sai na samu mota, ko da ruwa ake yi. Bai taɓa cewa komai ba, amma har masu fenti na ƙasa sun gane.

To, ga inda na kwaɓa. Wata safiya Umma ta tasa ni gaba, ta yi min wankin babban bargo har da kukanta: ƙawayena duk sun yi 'ya'ya, Auta tana tsufa a bayana, mutane sun fara tambayarta ko wani abu ke damuna. Na fita gida ido a kumbure, na koyar a daddafe. Da aji ya watse, Mai Tanki ya tsaya goge allo kamar yadda ya saba. Ya gama, ya ajiye tsumman, ya juyo ya haɗa hannuwa a baya kamar ɗan firamare.

"Malama, ina so in... in... in..."

Wuyan ya miƙe. Jijiyar ta tashi.

"Ka zo gidanmu ka ga Abba?" na ce.

Ya tsaya yana kallona. Ya buɗe baki, ya rufe. Can sai ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin na ƙulle a gefen mayafina na kai gida. Tun daga bakin ƙofa na ce, "Umma, ya ce zai zo ya ga Abba." Umma ta saki ludayin da ke hannunta ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Auta ta rungume ni har sai da na yi tari. Kafin in cire takalmi an kira Gwaggo, yayar Abba, an shaida mata, ita kuma ta ce a ba ta kwana ɗaya ta haɗa kayanta ta taho.

Ni kuwa ina shiga ɗaki sai abin ya dawo min. Shi fa bai faɗa ba. Ni na faɗa.

Na san me za ku ce: ki tambaye shi mana, ba ga waya ba? Na tambaya. Ga yadda aka yi, ban rage ba ban ƙara ba.

Na rubuta: "Ranar nan me ka so ka ce min?"

Ɗige-ɗigen nan masu rawa, masu nuna mutum yana rubutu, suka fito. Suka ɓace. Suka sake fitowa. Na ajiye wayar a kan filo, na ninke kaya, na dawo, suna nan suna rawarsu. Wallahi na yi niyyar jira. Ban san lokacin da yatsana ya tafi ba.

"Ko dai maganar zuwa gidan ce?"

Ɗige-ɗigen suka ɗauke.

"In ita ce ba komai, Abba ya ce ranar Asabar bayan la'asar."

Ban jira ba, na ƙara da wani.

"Ka sa farin yadin nan naka, ya fi yi maka kyau."

Sai ga amsa ta shigo, gajeriya: "To Malama. Allah Ya kai mu."

Duk abin da ya zauna yana rubutawa ya goge. Na kifa wayar na kwanta ina kallon silin, na ji na tsani yatsuna.

Gidanmu kuwa ya koma kamar za a karɓi baƙo daga wata duniya. An wanke labulaye, an cire zannuwan da ake lulluɓe kujerun falo da su, an fito da kofunan gilashin da tun ina ƙarama ban taɓa ganin an sha ruwa da su ba. Gwaggo ta iso da jakarta da bakinta. Tun daga tsakar gida take cewa, "Ina amaryar? Ashe dai ana son ki, 'yar nan, kika bar mu muna ta yawon addu'a." Na yi yaƙe na karɓi jakar.

Ana gobe zai zo na samu Auta tana guga a ɗakinmu. Na rufe ƙofa na zauna a bakin gado.

"Auta, in faɗa miki wani abu?"

"In dai ba fasawa ba ne."

"Shi fa bai ce zai zo ba. Ya fara magana ne, ni na ƙarasa masa."

Ta ɗaga dutsen guga ta kalle ni. "Ya ce a'a?"

"Bai ce ba."

"Ya ce zai zo?"

"Ya ce to."

"To me kuma kike nema, Yaya? Sai ya rubuta a allo?" Ta dangwarar da dutsen. "Ni fa na gaji da ba wa nawa haƙuri. Kullum sai ya tambaye ni, kullum in ce saura kaɗan. Don Allah don Annabi kar ki tono abin da ba a tambaye ki ba."

Idonta ya ciko. Na kalli ƙanwata, na ga ita ma ta rame a wuya, sai na ja bakina na tsuke. Abin dariya, inda ya kamata in yi magana nan ne na iya shiru.

Ranar Asabar sai da aka sa na canza kaya har na rasa wace ce ni. Na fara sa doguwar rigata ruwan ƙasa, Gwaggo ta ce kamar mai zuwa ta'aziyya. Na sa atamfa, Umma ta ce ta ƙara min shekaru. A ƙarshe shuɗiyar rigar Auta aka zura min, mai duwatsu a wuya, tana matse ni a hammata, aka yafa min farin mayafi, aka fesa min turare har na yi atishawa. Aka ce in tsaya a lungu bayan labulen falo, sai an kira ni in shigo da tire.

Ya zo da farin yadin. An goge shi har yana ɗaukar ido, hularsa sabuwa, ya cire takalmi tun daga nesa da ƙofa. Ta gefen labule nake leƙensa. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan kafet, hannuwansa a kan gwiwa, gumi yana tsattsafo masa duk da fanka tana juyawa.

Abba yana kujerarsa ta jikin taga. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne mahaifina, siriri, mai farin gemu, ba ya ɗaga murya. Cewa ya yi yana so ya ga yaron su biyu, amma Umma ta ce ai ita da Gwaggo ba baƙi ba ne, suka shigo suka raba doguwar kujera.

Aka gaisa, aka tambayi aiki, aka tambayi mutanen gida. Sannan Abba ya ce, "To, samari, me ke tafe da kai?"

"Abba, na zo ne in... in... in n-n..."

"Neman aurenta, ai mun sani," in ji Umma, tana murmushi har kunne. "Kar ka wahalar da kanka, ɗana. Allah Ya sanya alheri."

"Amin, amin," in ji Gwaggo. "Yaro mai kunya, ka gan shi."

Ya sunkuyar da kai. Abba ya gyara zama ya ce, "Ni dai abin da nake so in..."

"Abin da yake so shi ne kar a ja lokaci," Umma ta karɓe. "Ka san akwai ƙanwarta a baya."

"Ƙanina ba ya son dogon zance," Gwaggo ta ɗora. "Tun yana yaro haka yake."

Sai na ga Abba ya rufe baki a hankali, ya shafa gwiwarsa, ya kalli taga. Na san wannan rufe bakin. Na taso ina ganinsa a wajen cin abinci, a maganar makarantarmu, a maganar gyaran rufin gida, kullum ina ɗauka amincewa ce. Kowa cewa yake Abbanku akwai haƙuri. Ban taɓa tambayar kaina ina sauran maganganunsa suke tafiya ba. Ga shi yau ina kallon mutum biyu, tsoho a kujera da saurayi a ƙasa, sun sunkuyar da kai iri ɗaya, kuma na san ni ce Umma a labarin wanda ke ƙasan.

Umma har ta fara lissafa watannin da suka fi dacewa, sai Abba ya juyo daga kallon tagar.

"Ba shi zan ce ba."

Umma ta ce, "Na'am, Abbansu?"

"Na ce ba shi zan ce ba. Shi ma yaron nan ban ji abin da ya zo da shi ba. A bar shi ya ƙarasa."

"Ai ka ga yana..."

"A bar shi."

Ban taɓa jin Abba ya katse Umma ba. Ita ma da alama ba ta taɓa ji ba, don baki buɗe ta tsaya. Gwaggo ta ja mayafinta ta gyara.

Abba ya jingina da kujera ya harɗe yatsunsa. "Samari, ba inda za ni. Ka ɗauki lokacinka."

Wayyo, wannan jira! Ana jin agogon bango, ana jin mai sayar da ruwa yana wucewa a layi. Mai Tanki ya fara, ya maƙale, ya ja numfashi, ya sake farawa. Ni a bayan labule na cusa gefen mayafi a baki na cije, don kalmomi sun taru a harshena suna neman hanya.

"Ranar nan," ya ce, "b-ba maganar aure na tsaya yi ba."

Umma ta dafe ƙirji. Abba ko motsi bai yi ba.

"Na so in ce wa Malama... z-zan daina zuwa aji."

Na jingina da bango.

"Ba ta iya koyarwa ba ne?" in ji Abba.

"Ta iya. W-wallahi ta iya. Yanzu ni nake cike wa abokan aikina fom." Ya share gumi da bayan hannu. "Amma duk l-lokacin da na tsaya, sai ta ɗauke min. Na san t-tausayi ne. Sai dai wani lokacin ba... ba abin da zan ce ba ke nan. Sai in koma gida da maganata a ciki."

"To da ta ce ka zo ka gan ni, me ya sa ka ce to?"

Ya ɗago kai ya kalli Abba.

"Don ina s-son ta, Abba." Ya haɗiye yawu. "Kuma ita 'to' ba ta maƙale min."

Abba ya yi wata 'yar dariya da ban san shi da ita ba, gajeriya, ba ta farin ciki ba. "Haka ne," ya ce. "Ba ta maƙalewa."

Ni kuwa hawaye ne suke zuba a kan duwatsun rigar Auta. Ya ce yana so na. Karo na farko ke nan da na ji, kuma ba ni aka faɗa wa ba, a bayan labule na tsinta kamar ɓarauniya. Daɗi da kunya suka haɗu suka yi min nauyi a ƙirji har na rasa wanda ya fi.

"Uwata," Abba ya kira, sunan da yake kira na da shi. "Fito. Ina ganin ƙafarki tun ɗazu."

Na fito da tiren, na ajiye a tsakiyar falo, ban tsiyaya wa kowa ba. Na durƙusa a gefen kujerar Abba, fuska duk kwalli.

"Kin ji abin da ya ce?"

"Na ji, Abba."

"Zai yi miki magana yanzu. Kar ki taimake shi. Ko zai kai magariba, kar ki taimake shi."

Mai Tanki ya ɗago ya kalle ni. Idonsa ya yi ja, amma babu fushi a ciki, kuma da fushin ne da ya fi min sauƙi.

"Malama," ya ce, "ina so in... in..."

Wuyan ya miƙe. Na damƙe yatsuna a cikin mayafi har farce ya shige min tafin hannu. A cikin kaina na riga na ƙarasa masa ta hanyoyi kala-kala: in aure ki, in turo manyana, in nemi yafiyarki. Kowace na tauna ta na haɗiye. Umma ta motsa a kujera, Abba ya ɗaga mata yatsa ɗaya ba tare da ya kalle ta ba. Ban san jira yana da ciwo haka ba, kuma ban san haka shi yake ji kullum ba.

"...in yi tunani."

Shi ke nan. Ta fito cikakkiya, tasa ce, kuma ba ta cikin waɗanda na tanada.

Na ji ƙarar ƙofar ɗakinmu, Auta ce ta buga ta da ƙarfi. Abba ya gyaɗa kai ya ce, "Ka yi. Haƙƙinka ne." Ya miƙe, ya zura takalmansa, ya ce, "Taso in taka maka."

"Abbansu, ai ba haka ake..." Umma ta fara, amma har sun kai tsakar gida.

Gwaggo ta shiga salati tana tafa hannu. Umma ta juyo kaina, na ga bakinta ya cika taf, na san kuma duk a kaina zai sauka. Ban tsaya ba. Na je jikin taga na ɗaga labule kaɗan.

Suna tsaye a bakin get, ƙarƙashin bishiyar maƙwabta. Na zaci sallama za su yi ya wuce, sai na ga ba su da niyya. Ba na jin abin da suke faɗa, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan ban san ko zai dawo ba. Abin da na gani dai, Abba ne yake magana. Yana yi yana nuni da hannu, ya tsaya, ya ci gaba, Mai Tanki ya sunkuyo yana saurare bai sa masa baki ba. Inuwa ta bar jikin get ta hau bango suna nan tsaye. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin bakin mahaifina ya daɗe yana motsi haka ba.